Abin da ya kamata ku sani game da yauƙin kuɓewa da ƙwayar zogale

Miyar kuɓewa ba ruwa ba ce sosai, kuma ba ƙulluma ba ce. In an ɗaga ludayi sai ta biyo shi tana miƙewa, in ta tsinke sai ta ja da baya. Masana kimiyyar fiziks suna da fanni guda a kan irin waɗannan abubuwa masu taushi, su ƙaro, majina, kumfa da fata. Bafaranshen nan Pierre-Gilles de Gennes, wanda ya samu kyautar Nobel a 1991, yana cikin jagororin fannin.

Yauƙin yana fitowa ne daga wasu dogayen ƙwayoyin sinadari na dangin sukari, waɗanda ido ba ya gani. A cikin ruwa sukan sarƙe da juna kamar zaren da ya harɗe. In miya tana zaune sai ta yi kauri. In aka burga ta, ko aka haɗiye ta, zaren ya miƙe ya bi hanya ɗaya, sai ta sulale. Shi ya sa tuwo ke wucewa maƙogwaro ba gardama. Daɗewa a wuta kan tsinka zaren, kuma duk mai girki ta san miyar da aka bari ta yi ta tafasa yauƙinta mutuwa yake.

Daga halittu masana ke koyo. A 2017 wasu masu bincike a jami'ar Harvard ta Amurka sun haɗa wani manne mai kama jiƙaƙƙen nama, bayan sun duba majinar wani dodon koɗi marar ɓawo.

Amma misalin da ya fi shafar mu shi ne zogalen da ke cikin garaken Jiratawa, kusa da Maraɗi. Ruwan Gulbin Maraɗi kan yi jajir da damina, saboda ƙananan ƙwayoyin laka suna ɗauke da caji iri ɗaya, suna ture juna, sun ƙi kwanciya. Busasshiyar ƙwayar zogale tana da furotin mai kishiyar wannan caji. In aka ɓare ta, aka daka, aka dama garin cikin ruwan, lakar sai ta dunƙule ta nutse, cikin awa ɗaya zuwa biyu ruwa ya washe. A ganina, wannan aiki ne da ya cancanci ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi su riƙe da gaske.

Sai dai a kula, zogale ba ya kashe dukkan ƙwayoyin cuta. Bayan ruwan ya kwanta, a tace, a tafasa kafin a ba yara.