Abin da hoton mai shan ƙwaya ke yi wa mai kallonsa

A farkon 2018 mujallar Time ta Amurka ta ware fitowa guda sukutum ga hotunan James Nachtwey, mutumin da ya yi suna wajen ɗaukar hoto a fagen yaƙi. A wannan karon masu fama da jarabar ƙwayoyi dangin kodin da tiramol da hiroyin ya bi, ya ɗauko su a yashe gefen titi, ma'aikatan agaji na ƙoƙarin farfaɗo da su.

Irin waɗannan hotuna suna da tasiri. Mun shaida haka a Najeriya a shekarar nan ta 2018, lokacin da BBC ta nuna matasan da kodin ya haukata ɗaure da mari a wata cibiya a Kano. Ba a yi kwana biyu ba gwamnatin tarayya ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi.

Sai dai ba tausayi kaɗai hoton ke tayarwa ba. A 2006 masu bincike biyu a Jami'ar Princeton, Lasana Harris da Susan Fiske, sun riƙa nuna wa ɗalibai hotunan mutane iri-iri yayin da na'ura ke duba aikin ƙwaƙwalwarsu. Akwai wani sashe ta gaban ƙwaƙwalwa da kan motsa duk lokacin da muke tunanin wani ɗan Adam da halin da yake ciki. Da aka zo kan hotunan 'yan ƙwaya da marasa muhalli, sashen nan bai motsa yadda ya saba ba. Wanda ya motsa shi ne sashen ƙyama, irin wanda kan tashi idan mutum ya ga amai ko masai da ya cika.

A ganina wannan ita ce babbar matsalar. Wanda ake ƙyama ba a gaggawar kai shi asibiti. Ɓoye shi ake yi, ko a kai shi gidan mari. Shi kansa mai jarabar, idan ya ga yadda ake yaɗa hoton ɗan'uwansa a WhatsApp ana tofin Allah tsine, da wuya ya buɗe baki ya ce yana son a taimake shi. Alhali jaraba cuta ce da ke sauya aikin ƙwaƙwalwa, kuma ana maganinta.

Ga wanda ya daina sha kuwa, haɗarin daban ne. Ganin kwalbar sirof ko sirinji a hoto kan iya tayar masa da ƙishirwar abin nan take, har da gumi da bugun zuciya, ko da ya yi watanni da bari. Idan akwai irinsa a gida, kada a nuna masa waɗannan hotuna da sunan wa'azi. In ƙishirwar ta dawo, a koma da shi wurin likitan ƙwaƙwalwar da ke duba shi tun kafin ranar da aka ba shi ta zo.