Makaniken Babur ɗin Ƙanƙara: Mai Raba Gardama Tsakanin Ɗan Haya da Mai Kaya

A Rovaniemi, babban birnin yankin Lapland da ke arewacin Finland, daga watan Disamba zuwa Afrilu ba a cika samun kasuwar da ke ci kamar ta hayar babur ɗin ƙanƙara ba. Abin hawa ne marar taya. A gaba yana da ƙafafu biyu masu sulɓi, a baya kuma wani faffaɗan bel na roba mai haƙora ne ke cizon dusar ƙanƙara yana tura shi. Baƙi na zuwa daga ko'ina cikin duniya, da yawansu ranar suka fara taka ƙanƙara, a ba su hular kwano da rigar sanyi, a nuna musu totur da birki, su bi ɗan jagora cikin daji ko a kan daskararren kogin Ounasjoki. A bayan shagon hayar kuwa akwai gareji, a cikinsa akwai mutumin da baƙon ba ya gani sai ran da inji ya buga.

Sana'ar ba ta daɗe ba. Joseph-Armand Bombardier, wani makanike a garin Valcourt na lardin Kebek a Kanada, ya rasa ƙaramin ɗansa a hunturun 1934 saboda ƙanƙara ta toshe hanyar asibiti. Ya duƙufa kan ƙera motar da za ta ratsa dusa, har a 1959 ya fito da ƙaramin babur mai suna Ski-Doo. A farkon shekarun 1960 babur ɗin ya iso Lapland, makiyayan ƙabilar Sami suka karɓe shi suna bin garken dabbobinsu da shi. Yau a Rovaniemi ɗin ake ƙera samfurin Lynx, ana ɗora masa injin Rotax da ake yi a Ostiriya.

Makaniken yakan riga kowa isa wurin aiki, cikin duhu, domin a tsakiyar Disamba rana ba ta wuce awa biyu zuwa uku a sama. Yana bin baburan ɗaya bayan ɗaya: ya duba baƙin mai, ya duba ruwan sanyaya inji, ya shafa bel ɗin da ke kai ƙarfi daga inji ko ya fara tsagewa, ya leƙa ƙasa ya ga ko robar da babban bel ke gogawa a kanta ta cinye. Sai ya tayar da su ya bar su su ɗumama. Ran da sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifiri, sifana kan manne wa hannun da ba safa, amma wani ƙaramin noti ba ya ɗauruwa da safar hannu mai kauri.

Duk wannan wahalar jiki ce, da ita aka san sana'ar. Babban nauyin yana zuwa ne ran da aka janyo babur daga daji, inji ya ƙi juyawa. Ɗan haya ya riga ya sa hannu a takardar da ta ce idan ya yi ɓarna zai biya wani kaso daga aljihunsa kafin inshora ta shigo, a shaguna da yawa abin ya kusa Yuro dubu. Idan karo ya yi da bishiya, ba gardama, ga fashewa kowa na gani. Amma inji ciki yake mutuwa, kuma takardu da dama suna cewa lalacewar da sakaci ya jawo ba ruwan inshora da ita. Sai ɗan haya ya ce, "Ina cikin tafiya ya mutu, ban yi masa komai ba." Mai kaya ya ce, "Lafiya lau muka ba ka shi da safe." Kowa na iya zama mai gaskiya a iya saninsa, ga shi kuma sabon inji na cin Yuro dubbai.

Lallai direba na iya kashe inji da hannunsa. Yawancin waɗannan babura ba su dogara da iska wajen sanyaya inji ba. A ƙarƙashin kujera akwai faranti na alminiyom da ruwan inji ke bi ta cikinsu, babban bel yana watsa musu dusa suna hucewa. Wanda ya daɗe yana gudu a kan tsurar ƙanƙara mai santsi, inda babu dusar da za a watsa, zai ga fitilar zafi ta kama. In ya yi biris da ita, ya gama da injin. Haka wanda ya danne totur tun inji na da sanyi: fistin ya riga silinda kumbura, sai ya cije a ciki.

Amma inji kan mutu kuma ba da laifin wanda ke kai ba. Wasu cikin injunan masu bugu biyu ne, irin na ƙaramin janaretan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, sai dai a nan wani famfo ne ke auna man. In famfon ya gaza, ko wata roba ta tsage iska ta yi wa fetur yawa, ko boris ya yi tsatsa saboda an ajiye babur duk bazara ba kulawa, to injin zai buga a hannun ko wane ne ya hau ranar. Ɗan hayan ya zo ne kawai a kan gaɓa.

A nan gwanintar makanike take. Ya kwance kan inji, ya zaro fistin, ya goge shi, ya juya shi a ƙarƙashin fitila. In ya ga kuje-kuje a kusurwa huɗu, zai yi zargin an murɗa shi da sanyi ko ya yi zafi fiye da kima. In kujewar ta taru a ɓangaren salansa, gefen saman ya narke, alama ce ta ƙarancin fetur a cikin haɗinsa da iska, wanda sau da yawa daga tsagewar roba yake. In ta ɓangaren da iska ke shiga ce, wataƙila dusa ta shiga ta wanke man. In ringi ne ya karye a jikin fistin da ya riga ya side, tsufa ne. Ya duba launin fulogi, ya gwada famfon mai. Sababbin babura kuma suna da ƙaramar kwamfuta da ke ajiye awannin da inji ya yi yana aiki da matsalolin da ta gani, har da yawan zafi. Ya jona ta da na'urarsa ya karanta.

Matsalar ita ce albashinsa a hannun ɗaya daga cikin masu gardamar yake. Baƙon kuwa jirginsa zai tashi jibi, bai san harshen ƙasar ba, katinsa na banki yana hannun shago. Abu ne mai sauƙi a rubuta "sakacin direba" a wuce wurin. Makaniken da ya san darajar sana'arsa ba ya yin haka. Ba ya yanke hukunci kafin ya buɗe inji, yana ɗaukar hoton abin da ya gani, yana ajiye fistin ɗin a kan tebur, in kuma alamun sun rabu biyu yana faɗin haka. Ko da laifin na ɗan haya ne, yakan tuna wa maigidansa cewa injin da ya sha shekaru yana aiki ba a biyan kuɗinsa da farashin sabo.

Shi ma ɗan haya yana da abin yi. Tun kafin ya tashi ya karanta takardar, ya ɗauki hoton babur da agogonsa, in fitila ta kama a hanya ya tsaya ya kira ɗan jagora. In an ɗora masa kuɗin gyara, ya nemi bayani a rubuce, da jerin kayan da aka canza, da tarihin sabis ɗin babur, ya kuma nemi wani makaniken da ba ruwansa ya duba. In ba a daidaita ba, Finland na da hukumar sasanta rikici tsakanin masu saye da 'yan kasuwa, ba a biyan kuɗin kai ƙara, ko da yake shawara take bayarwa ba umarni ba. Ita ma hukumar ba ta je daji ba, ba ta kwance inji ba. Abin da makanike ya rubuta shi za ta karanta. Don haka duk shagon da ke son baƙi su amince da shi, ya bar makanikensa ya rubuta abin da ya gani a jikin fistin, ko da kuɗin gyaran a kan shagon zai faɗa.