Naitiros a Injin Mota: Alƙaluman da Ke Bayan Doki 100

A jikin kwalin kayan naitiros da ake sayar wa masu motocin tsere akwai lamba ɗaya da ake rubutawa ɓaro-ɓaro: doki 50, doki 100, doki 150. Ita mai saye ke fara gani, ita yake faɗa wa abokai. Amma cikin duk alƙaluman wannan harka, ita ce ba ta gaya maka ko injinka zai kai labari.

A fara da 36 da 23. Iskar da inji ke zuƙa, kashi 23 cikin ɗari na nauyinta ne oksijin, alhali naitiros na da kashi 36. Oksijin ɗin nan a ɗaure yake, ba ya sakuwa sai zafin silinda ya kai wajen digiri 300. Ga kuma sanyi: ruwan naitiros na tafasa a digiri 88 ƙasa da sifili, don haka da ya fito daga nozul sai ya sanyaya iskar da ke shiga, ta takure, silinda ta ɗauki fiye da yadda ta saba. Da wannan dabara Jamusawa suka ƙara wa jiragen yaƙinsu ƙarfi a Yaƙin Duniya na Biyu, kafin kamfanin NOS ya kafu a Amurka a 1978 ya kai ta hannun 'yan tsere.

Naitiros kansa ba mai ba ne. Ƙarfin daga fetur yake fitowa, shi dai ya ba inji damar ƙona fetur mai yawa. A lissafin da masu haɗa inji suka saba, kowane doki na cin kusan rabin fam na fetur a awa. Ƙarin doki 100 ke nan na neman wajen lita 30 a awa, rabin lita a minti, a kan abin da injin ke sha tun asali, kuma yana nemansa nan take. Famfon man da ya tsufa, ko matatar da ta toshe, ba za su nuna kansu a tuƙin yau da kullum ba. Ranar da aka buɗe naitiros suke tona asiri: oksijin ya yi yawa, mai ya yi kaɗan, zafi ya haura, kan fistin ya narke cikin daƙiƙoƙi. Shi ya sa a ganina na'urar da ke yanke naitiros da zarar matsin fetur ya faɗi ta fi cancanta da kuɗin mai saye a kan kowane babban nozul.

Lissafin da ya fi muhimmanci shi ne na juyin inji. Ramin nozul ba ya canzawa. Adadin naitiros da yake fesawa a kowace daƙiƙa iri ɗaya ne, ko injin na gudu ko yana rarrafe. Idan injin na juyi 6,000 a minti, bugu masu yawa ne ke raba wannan adadi. Idan yana juyi 1,500, bugun ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, kowane bugu ya ɗauki ninki huɗu. A auna da ƙarfin murɗawa: ƙarin doki 100 a juyi 6,000 na ɗora wa inji kimanin Nm 119, a juyi 3,000 ya zama 237, a 1,500 kuwa 475. Wannan na ƙarshe ya zarce ninki biyu na duk abin da injin lita biyu mara turbo ke bayarwa. Kwali bai canza ba, har yanzu doki 100 ne a rubuce, amma sandar fistin da gasket sun san bambancin. Daga nan dokar masu sana'ar ta samo asali: ba a buɗe naitiros ƙasa da juyi 2,500 zuwa 3,000, ba a buɗe shi sai totur na ƙasa ƙurmus, kuma ba a wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 a jere. Makunnin da ke tsare waɗannan iyakoki da kansa ya fi yatsan direba amana.

Ga injin da ba a taɓa cikinsa ba, abin da aka saba ba da shawara shi ne doki 40 zuwa 60 a mai silinda huɗu, 75 zuwa 100 a mai shida. Sama da haka sai an sa fistin na musamman. Cakuɗin naitiros na ƙonewa da sauri, don haka ake ja da tayimin baya, kamar digiri 2 a kowane doki 50, a sa fulogi mai sanyi, a rage tazarar bakinsa. Bayan gwajin farko a kwance fulogin a duba a haske. In an ga ɗigo-ɗigo masu ƙyalli a kan farin tangaran ɗinsa, ɓurɓushin fistin ne, a tsaya nan.

Sai tukunyar da ake ajiye naitiros a ciki. Ana zaɓen nozul ne bisa matsin psi 900 zuwa 1,000, kuma zafi ne ke tsara matsin, ba cikar tukunya ba. A digiri 21 allura na nuna wajen 750, a digiri 30 ta ɗan haura 900. A Turai da Amurka damuwarsu sanyi ce, shi ya sa suke naɗa wa tukunya bargon lantarki mai kashe kansa. Ɗumama ta da wuta kuwa ganganci ne da hukumar tsere ta NHRA ta haramta. Duk wanda zai shigo da kayan nan Kano ko Sakkwato matsalarsa akasin haka ce. Da zafi ya wuce digiri 36.4, naitiros ba ya iya zama ruwa komai matsin da aka yi masa, matsin tukunya kuma sai ya riƙa hawa da sauri. Ranar Afrilu a Sakkwato na wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin but ɗin motar da ta wuni a rana. A wannan hali ma'aunin da aka zaɓi nozul a kansa ya rushe. Akwai faifan kariya a bakin tukunya da ke fashewa a wajen psi 3,000, ya zubar da gas ɗin baki ɗaya, don haka dole a haɗa masa bututun da zai fitar da shi wajen mota, ba cikin inda mutum ke numfashi ba.

Tukunyar da aka fi sayarwa mai fam 10 ce, kilo 4.5. Doki 100 na shan kusan fam 0.8 a daƙiƙa 10, wato minti biyu da 'yan kai a takarda. A aikace ba ta kaiwa, domin matsi na faɗuwa tun kafin ta ƙare. Allurar matsi ba ta nuna abin da ya rage, sai an sauke tukunyar an ɗora a sikeli, an cire nauyinta na fanko da ke rubuce a jikinta.