Haruffa Huɗu Ba Su Isa Auna Ɗan Adam Ba

A 'yan kwanakin nan wata muhawara ta kunno kai a tsakanin samarinmu masu ilmin zamani game da wani gwajin hali da ake yi a wayar hannu, inda mutum zai amsa tambayoyi masu yawa, a ƙarshe a ba shi haruffa huɗu na boko, kamar INTJ ko ESFP, a ce masa wannan ita ce ɗabi'arsa. Da al'amarin ya tsaya ga nishaɗi, da ban ɗauki alƙalami ba; amma har an kai ga cewa mai haruffa kaza bai dace da auren mai haruffa kaza ba, sai ka ce gwajin jinin nan ne da ake yi kafin ɗaurin aure don gudun haihuwar mai ciwon sikila.

Kasa mutane gida-gida bisa halinsu daɗaɗɗen abu ne, domin tun zamanin Jalinusu, hakimin Yunanawa, ake maganar ɗabi'u huɗu, damawi da safrawi da saudawi da balgami, waɗanda Ibn Sina ya yi bayaninsu a cikin al-Ƙanun. Amma wannan gwaji na yau asalinsa wani littafi ne da Carl Jung, likitan ƙasar Suwizalan, ya wallafa a 1921. Daga cikinsa ne wata Ba'amurkiya, Katharine Briggs, da 'yarta Isabel Myers suka tsara tambayoyinsu a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, alhali ko ɗaya daga cikinsu ba ta yi karatun ilmin halayyar ɗan Adam ba. Sun kafa mas'aloli huɗu, kowace da fuska biyu: mai son cuɗanya ko mai son kaɗaita, mai dogara ga abin da ido ya gani ko ga abin da zuciya ta hango, mai hukunci da hujja ko da duban zukatan mutane, mai tsara al'amuransa ko mai barinsu yadda suka zo. Idan aka riɓanya su sai a sami gidaje 16.

To, a nan ne illar take, kuma ina roƙon mai karatu ya natsu. Ƙaddara ka tara mazan unguwa a ƙofar gidan mai unguwa, ka ja zare a jikin bango, ka ce wanda ya wuce shi dogo ne, wanda bai kai ba gajere. Mafi yawansu za ka tarar kawunansu suna daf da zaren, har 'yan'uwa biyu da faɗin yatsa kaɗai ya raba tsayinsu a kira ɗaya dogo ɗaya gajere, kuma gajeren in ya sa takalmi gobe ya zama dogo. Haka mai awo da ba ta san kome ba sai cikakken mudu da wanda ba kome a cikinsa, ina za ta kai rabin mudu? Halin mutane kuwa galibinsa a tsakiya yake, kamar ruwan da ba za ka ce masa mai zafi ba, ba kuwa mai sanyi ba. Shi ya sa da yawa daga waɗanda suka maimaita gwajin bayan 'yan makonni sukan sami haruffa dabam, abin da ba ya faruwa ga jinin AA ko AS, wanda yadda aka haife ka da shi haka za ka koma ga Ubangijinka.

Wani zai ce ai bayanin da aka ba shi ya dace da shi ƙwarai. A 1948 wani malami a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa gwaji, sa'an nan ya miƙa wa kowa takardar da ya ce sifar halinsa ce shi kaɗai, galibinsu suka shaida ta yi daidai da su, alhali takarda iri ɗaya ce ya raba musu duka. Da wannan rauni na zuciya masu duba suka daɗe suna cin abinci a garuruwanmu, su lissafa sunan yaro da na yarinya su ce wuta ce da ruwa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda haruffan suka zama mafaka ga mai mugun hali, ya ce haka aka halicce shi, hali zanen dutse. Imam al-Gazali ya yi raddi ga wannan ra'ayi a cikin Ihya'u, inda ya kafa hujja da cewa da hali ba ya karɓar canji, da wa'azi da tarbiyya sun zama aikin banza.

Wanda ya yi gwajin don ya yi nazarin kansa, babu laifi. Amma ku iyaye, da ku masu ɗaukar ma'aikata, kada ku hana wa kowa aure ko aiki saboda haruffa huɗu. Ku tambayi maƙwabtansa da waɗanda suka yi mu'amalar kuɗi ko tafiya da shi.