Amfilifayar Mota Ta Yi Shiru? A Fara Duba Wuta

Shirinmu na yau na masu mota ne, musamman waɗanda suka girka amfilifaya a cikin but don kiɗa ya riƙa tashi. Ranar da ta yi shiru sai a ce ta ƙone, a nufi kasuwa neman wata. Alhali sau da yawa lafiyarta ƙalau, wuta ce ba ta isa gare ta.

A gefenta akwai wurin ɗaura waya guda uku: 12V, da GND, da REM. Ku sa mai gyaran wutar mota ya ɗora mita a kai, a gabanku. Batir mai lafiya yana nuna wajen volt 12.6 in mota a kashe take, in an tayar kuma ya kai 13.8 zuwa 14.4. In an samu haka a bakin batir amma ba a samu a bakin amfilifaya ba, to matsalar tana hanya: ko fis ya tsinke, ko waya ta saki.

Siririyar wayar REM, galibi shuɗiya mai ratsin fari, ita ke tada amfilifaya in an kunna rediyo. In babu wuta a cikinta, ko fitilar amfilifayar ba za ta kawo ba.

Amma babbar mai laifi ita ce wayar GND, wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota. Wani sai ya maƙala ta a kan fenti ko tsatsa da ɗan noti mai rawa. Kiɗa na yin nauyi sai jar fitila ta kama, sauti ya ɗauke. A kankare fentin har ƙarfe ya fito fes, a gajarta wayar, a ɗaure tamau. Haka nan wayar araha mai alminiyam a ciki ba ta ɗaukar wuta kamar ta jan ƙarfe zalla, komai kaurin robarta.

In kuwa an cire wayoyin lasifika, aka sa sabon fis a jikin amfilifayar ya sake tsinkewa nan take, to cutar tana cikin amfilifayar, sai a kai ta wurin masu gyara.

Don Allah, direbobi, kada wanda ya naɗa waya a gurbin fis, haka motoci ke kamawa da wuta. Kuma kafin a taɓa komai, a fara cire kan batir mai alamar ragi.