Wuƙar Tiyata da Littafin Bincike: Aikin Likitan Ƙwaƙwalwa



Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa likitan da ke fiɗar ƙwaƙwalwa ba ya cika gwani sai ya haɗa aikin wuƙa da na bincike. Dalili kuwa, ƙoƙon kai akwati ne rufaffe, ba ya miƙewa. Saboda haka duk ƙarin da ya tsiro a ciki, ko da ba na sankara ba ne, zai iya danne ƙwaƙwalwa, ya haddasa ciwon kai mai tsanani da amai da farfaɗiya, har da makanta. Cire shi rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne a duba naman a ƙarƙashin madubin likita, a san irinsa, a kuma rubuta yadda majiyyaci ya ƙare.

Harvey Cushing na Amurka ne ya share wannan hanya. Ya yi wa mutane fiye da 2,000 aikin ƙarin ƙwaƙwalwa, yana adana naman da bayanin kowane majiyyaci. Daga wannan taska ne shi da Percival Bailey suka rarraba ire-iren ƙarin a 1926.

A ƙasarmu, Farfesa Latunde Odeku ya dawo daga Amurka ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 1962. A wancan zamani wasu likitoci na zaton wannan ciwo bai cika kama baƙar fata ba. Rubuce-rubucen Odeku da abokin aikinsa Adelola Adeloye suka taimaka wajen kawar da zaton, domin ciwon yana nan, masu gano shi ne suka yi ƙaranci. A Arewa kuma, Farfesa Bello Bala Shehu ya jagoranci kafa cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

To, ina ruwan mutumin Balan, ko Gaya, ko Ajingi da wannan zance? Ruwansa babba ne. Sau da yawa idan magidanci ya fara faɗuwa, ko ɗabi'arsa ta sauya, sai a ce iska ce ko sammu. Kafin a kai shi Asibitin Malam Aminu Kano a ɗauki hoton kansa, ƙarin ya yi girma, gani ya tafi. Likitan da ke lissafa daga ina majiyyata suke zuwa, da tsawon jinkirin da suka yi, shi ne zai ba hukuma hujjar da za ta tsara aiki a kanta.

Tun daga 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da gwajin ƙwayoyin halitta cikin rarrabe ƙarin ƙwaƙwalwa, wato wuƙa ba ta wadatar sai da ɗakin gwaje-gwaje. Ɗalibi mai wannan niyya ya shirya wa shekaru 6 na karatun likita, sannan wasu shekarun na ƙwarewa. Ku kuma ma'aikata, ku tanadi kuɗin bincike da adana bayanai kamar yadda kuke tanadin na gini.