Yadda Gini Yake Ɗaukar Nauyi: Daga Azara zuwa Kankare a Ƙasar Daura

Wanda ya zaga birnin Daura, daga Fadar Sarki zuwa unguwannin da ke kewaye da rijiyar Kusugu, zai ga gine-gine iri biyu kafaɗa da kafaɗa: sorayen ƙasa na kaka da kakanni, da kuma benaye na bulo da kankare. Haka abin yake a Mai'aduwa da Zango da Ɓaure da Sandamu. Birnin kuwa ƙara cika yake yi, musamman tun 2019 da aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, aka kuma aza harsashin jami'ar sufuri. Masu gidaje da yawa na fasa bango don fitar da shago ko garejin mota, wasu kuma na ɗora bene a kan tsohon gini. Kowane irin gyara na canza yadda nauyi ke sauka ƙasa, shi ya sa ya kamata a fahimci wannan ilimi.

Hanyar nauyi

Kowane gini yana ɗauke da nauyi iri biyu. Akwai nauyin jikinsa, wato rufi da bango da daɓe, akwai kuma nauyin da ke zuwa ya tafi, kamar mutane da buhunan hatsi da motoci. Dukkansu dole su bi hanya ɗaya: daga rufi zuwa bango ko ginshiƙi, daga nan zuwa harsashi, sannan ƙasa. Idan aka yanke wannan hanya a wani wuri, nauyin zai koma kan sashen da ba a shirya shi dominsa ba.

A kan wannan hanya kayan gini na fuskantar ƙarfi iri biyu, dannewa da ja. Busasshiyar ƙasa tana jure dannewa, amma da an ja ta sai ta tsage. Kankare ma haka yake, domin juriyarsa ga ja ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na juriyarsa ga dannewa ba.

Hikimar maginan gargajiya

Maginan Hausa sun daɗe da gano wannan. Sukan yi bangon tubali da kauri a gindi, ya riƙa sirancewa zuwa sama. A rufi kuma sukan yi amfani da azara, wadda ake tsagawa daga kututturen giginya. Ɓangaren wajen wannan itace cike yake da zaruruwa masu tauri, shi ya sa yake jure ja, gara kuma ba ta cinsa da sauƙi. Sai dai azara ba ta iya ratsa fili da ya kai mita 2 ba tare da ta lanƙwashe ba. Don a rufe babban zaure, sai magina suka fito da bakan gizo: a jera azara hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har ɓangarori biyu su haɗe a sama. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a shekarun 1830, shi ne fitaccen misalin wannan fasaha.

Azara ke riƙe ja, ƙasa ke riƙe dannewa. Haka rodi da kankare suke aiki tare, haka kuma ƙashin ɗan Adam yake: sinadarin kalsiyam ke ba shi tauri, zaruruwan furotin ke hana shi karyewa.

Inda gyara ke zama ɓarna

Kankare abu ne mai nauyi ƙwarai. Dunƙulen da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa duk mita ɗaya ne ya kai kilo 2,400. Saboda haka rufin kankare mai kaurin santimita 15 a kan ɗaki mai mita 4 kowace kusurwa zai kai kilo 5,760, wato kusan tan 6, tun ba a ɗora bangon sama ba. Harsashin da aka haƙa don hawa ɗaya ba lallai ya ɗauki wannan ba.

Fasa bango ma na da nasa lissafi. Idan aka ninka faɗin ƙofa sau biyu don mota ta shiga, ƙarfin da ke neman lanƙwasa lintar da ke samanta yakan ninka sau huɗu. Linta irin ta ƙofar ɗaki ba za ta wadatar a ƙofar gareji ba.

Sai kuma ruwa. Shafe bangon ƙasa da siminti yakan tsare danshi a ciki, bangon ya yi laushi ba a gani ba, shafen ya ɓamɓare. Makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, da yaɓen shekara-shekara da gyaran indararo kafin damina sun fi dacewa da shi. A ginin zamani kuwa, idan ruwa ya kai ga rodi sai ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki. Sabon kankare kuma yana buƙatar bayi na aƙalla kwana 7, ba ya kai ƙarfin da aka ƙiyasta masa sai bayan kwana 28. A zafin bazara da iskar hunturu na Daura yakan bushe da wuri idan aka yi sakaci.

Kammalawa

Sakamakon sakaci ba ɓoyayye ba ne. A ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ta Legas, mutum fiye da 40 suka rasu. A ranar 12 ga Yuli 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos, aka rasa rayuka 22, akasarinsu ɗalibai. Tun 1970 Nijeriya ke da hukumar COREN mai rajistar injiniyoyi, ta kuma fitar da kundin ƙa'idojin gini a 2006. Kafin a fasa bango ko a ƙara hawa, wajibi ne injiniya mai rajista ya duba harsashi, a kuma nemi izinin hukumar tsara birane. Ɗalibi ko malamin da ya ga tsaga tana ƙara buɗewa, ko rufi ya yi ciki, ko rodi ya bayyana da tsatsa a aji, ya sanar da shugaban makaranta nan take, a fitar da mutane har sai masani ya duba.